Ɗinki Mai Ɗumi

In ka shiga Mamobi ta lungun masu gasa masara ka tambayi gidan Mma Fuseina, ba wanda zai ce maka wace Fuseina. Yatsa kawai za a miƙa maka, a ɗan rage murya. Ba tsoronta ake ji ba, a'a. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, shekara arba'in da biyar ke nan, kuma kowace mace daga Mamobi har Nima ta san in Allah ya nufa, hannun tsohuwar nan ne na ƙarshe da zai taɓa ta a duniya. To wa zai ɗaga murya a ƙofar irin wannan gida?

Ita kuwa ko a jikinta. 'Yar gajeruwa ce siririya, ga tsiwa, ga son goro. Iyayenta daga arewacin Gana suka gangaro nan Ankara, babban birnin ƙasar, da ita da abokiyar tagwaicinta Asana, ɗaya a bayan uwa, ɗaya a kafaɗar uba. Uban ya kama dako a kasuwar doya, su kuma suka tashi kan tabarma ɗaya, da kamannin da ko uwarsu sai ta leƙa bayan kunne kafin ta kira suna, don Asana tana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu.

Asana ce gawarta ta fari. Suna da shekara ashirin da tara haihuwa ta zo wa Asana da gardama. Kwana biyu tana naƙuda a gida ana jiƙa mata wannan ana shafa mata wancan, sai da ƙarfinta ya ƙare aka kai ta asibiti. Aka yi mata aiki, ɗan bai zo da rai ba, ita ma ba ta cika kwana uku ba. Tsohuwar da ke wanka a zamanin ta kira Fuseina ta zuba mata ruwa. Da aka zo matsa ciki a hankali, kamar yadda ake yi wa kowace gawa, tsohuwar ta kamo hannun Fuseina ta ɗora. Sai hannun ya sauka kan ɗinki, dogo, daga cibiya ya yi ƙasa, fatar da sanyi kamar gefen randa. Ta ɗago ta dubi fuskar, ta ga fuskarta ce. Tun daga ranar sanyin nan bai bar tafin hannunta na dama ba.

A wurin tsohuwar ta gaji aikin. Ruwa kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, a saka ganyen magarya, a fara da dama kafin hagu, kafur sai a wankan ƙarshe, gashi a kitse shi gida uku. Da ta gama koya mata duka, tsohuwar ta kama kunnenta ta ce, “Saura babba. Abin da hannunki ya gani a ɗakin nan, a ɗakin nan za ki bar shi. Mai wanka ba ta da baki.”

Ta riƙe kuwa. Ta ga shatar duka a bayan matan da ake cewa sun yi dacen miji. Ta ga layu a ƙugun malamai mata. Ta ga cikin da ko mai gidan bai san da shi ba. Duk tsiwarta, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba. Abokiyar aikinta Ikilima, wata doguwar mata mai yawan dariya da ta shekara ashirin tana zuba mata ruwa, ita ma haka. In sun fito sai su wanke hannu, su raba goro, su yi hirar tsadar gawayi.

To ga inda kuskuren ya shigo, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Matar Zongo, wato unguwa irin Mamobi, ba ta buɗe cikinta a gaban kowa. Wadda aka yi wa aiki kuwa ta fi kowa ɓoyewa, don bakin unguwa ba ya raga wa mutum: yanzu a ce raguwa ce, ta kasa haihuwa da kanta sai da aka fiɗe ta. Masu rai suna rufe da zane. Waɗanda suka riga mu ne kaɗai ake kwance wa. Don haka a shekara arba'in da biyar, duk ɗinkin da hannun Mma Fuseina ya taɓa, a jikin gawa ya taɓa shi. Sai ta yanke hukunci a ranta cewa wuƙar likita sallama ce. In sabon ɗinki ne, ta ce ga shi nan. In tsoho ne da ya shekara ashirin da warkewa, ta ce wuƙar ce ta biyo sawu a hankali. Ka ji shari'ar da ba a kira shaida ba.

Ciwon nata da ƙwannafi ya fara, tun tana da sauran ƙarfi. Aikinta na sunkuyo ne, da ta duƙa sai wani ruwa mai ɗaci ya taso mata har maƙoshi. Sai ta jiƙa kanwa ta sha, kamar yadda uwarta ke yi, ta ƙara tamke ɗamara a ciki don kada baya ya gaji. Ina ta san ɗamarar nan sama take tura abin? Shekara ta bi shekara, kanwa ta daina ji. Loma uku sai ta ƙoshi, numfashi ya yi mata wuya kamar ta hau bene. Kwanciya ta gagare ta, sai a jingine da matasai uku. Tafin hannunta ya yi fari fat.

'Yarta Latifatu, mai sayar da atamfa a Zongo Lane, ta yi ta yawo da ita. Wani ya ce gyambon ciki ne, ya ba da farin magani na sha. Wani ya ce zuciya ce, ya hana ta gishiri. Tsohuwa dai sai ƙara tsotsewa take yi.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne ƙarar. In ta ɗan kurɓi koko da hantsi ta zauna a kujerarta gindin taga, sai ta ji ruwa yana ƙulu-ƙulu a ƙirjinta, can bayan zuciya, kamar ana tsiyaya daga buta. Ba ta jin tsoro. Lumshe ido take yi ta bi ƙarar. Sai hayaniyar lungu ta yi nisa, kiran masu turoturo, motocin haya, ya koma kamar daga wani gari, babban kwatamin Nima mai wari ya zama rafi garai-garai ana ganin yashi a ƙasansa. A bakin rafin ga mata jere cikin fararen kaya, suna yi wa juna kitso gida uku. Ta san su duka, ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshe wata ta juya baya tana tsiyaya ruwa daga buta, da tawadar Allah a bayan kunnenta. Ba ta taɓa waiwayowa ba. Mma Fuseina takan zauna haka har rana ta hau ƙafarta, ranta fes, kamar wadda ta je ganin gida.

Ranar da abin ya ɓaci, suna ake yi a maƙwabta. Aka kawo mata tuwo da zafinsa da miyar ayoyo, wato lalo, uwar jego ta tsaya a kanta tana cewa sai ta ci albarka. Kunya ta sa ta yi loma biyar. Kafin a kwashe kwanuka ciwo ya cake ta a ƙahon zuci, ta dunƙule tana kakarin amai, ko yawu ba ya fitowa. Gumi ya jiƙa mata kallabi. Latifatu ta ɗora hannu a ka ta ce, “Wayyo Allah, Mma!” Aka tare tasi sai babban asibiti.

Can suka faɗa hannun wata likitar tiyata, Dokta Nasira, 'yar Nima ce, mai magana a tsanake. Aka fara auna zuciya, aka ga lafiyarta lau. Aka zura wa tsohuwar siririn tiyo ta hanci, iska da ruwa suka fito, ciwon ya lafa. Aka ɗauki hoton ƙirji. Washegari aka ba ta wani farin ruwa mai kauri kamar kunun alli ta sha ana bin sa da hoto, aka tura ta cikin wata na'ura mai baki kamar tanda, aka kuma leƙa cikinta da tiyo mai fitila a kai. Sannan likitar ta jawo kujera ta zauna bakin gadon, ta ɗaga hoton wajen taga.

“Mma, kin ga wannan inuwar bayan zuciyarki? Tumbinki ne. Ba nan ne gidansa ba.”

“Ei! To me ya kai shi can?”

“Tsakanin ƙirji da ciki akwai shamaki, da 'yar ƙofa inda hanyar abinci ke wucewa. Taki ƙofar ta saki ta yi faɗi, tumbin ya bi ta nan ya haura, kusan dukansa. Ƙaba ce, sai dai maimakon ta yi ƙasa ta yi sama. Shi ke danne miki huhu. Yana gogar bakin ƙofar yana zubar da jini kaɗan-kaɗan, shi ya sa kika yi fari. Jiya kuma murɗewa ya yi, kamar an matse wanki. Tiyon nan ya sassauta shi, amma zai sake. In ya sake ya shaƙe, jini ya daina kai masa, cikin 'yan awoyi zai mutu a jikinki.”

Mma Fuseina ta kalli hoton ta daɗe. Ashe butar Asana ke nan.

Likitar ta ci gaba, “Za mu ƙara miki jini kwana uku ki yi ƙarfi. Sannan mu jawo tumbin mu mayar da shi gidansa, mu tsuke ƙofar, mu ɗaure shi kada ya koma. Za mu gwada ta 'yan ƙananan huji, in ya ƙi mu buɗe. Ba zan ce miki babu haɗari ba, shekara saba'in da huɗu ba wasa ba ce. Amma zuciyarki da huhunki za su ɗauka, kuma barin sa ya fi aikin haɗari nesa ba kusa ba.”

“Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka,” in ji tsohuwar. “Ba za a yanka ni ba.”

“Don me, Mma?”

To me za ta ce? Hujjarta tana da yawa, tana da sunaye da gidaje, amma kowace ɗaya a ɗakin wanka ta same ta. Ta buɗe baki ta ce wance da wance na gan su da ɗinki? Har abada. Ta juya fuska bango.

Kwana biyu Latifatu tana lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, ta durƙusa ta kama ƙafarta. “Mma, ko dalili ɗaya ki ba ni. In mafarki kika yi a yi sadaka. In wani ya tsorata ki ki faɗa mini.” Tsohuwa sai jan carbi. Jini yana ɗiga cikin jijiyarta, ruwa yana ƙulu-ƙulu a ƙirjinta, ita kuma tana bakin rafi tana neman wurin zama cikin jerin nan. Gaskiya ta riga ta sallama, kuma abin da ya fi ba Latifatu tsoro shi ne yadda fuskar uwar ta yi kwance.

Rana ta uku da la'asar, lokacin masu dubiya, Mma Fuseina tana tsakanin barci da farke ta ji an ja labule an kewaye gadonta. Ta buɗe ido ta ga mata uku tsaye cikin fararen mayafai, hasken taga yana bayansu. Ta ce a ranta, to, sun zo da kansu. Sai ɗayar ta yi gyaran murya, ta ji ƙamshin goro, ta gane Ikilima ce. Ga Amama mai wake da shinkafa ta bakin titi, ga Damata mai kitso.

“Yaya, an ce kin ƙi,” in ji Ikilima, yau ba dariya.

“Na ƙi.”

“Na san dalili.”

Tsohuwar ta zabura. “Ban faɗa wa kowa komai ba!”

“Ba ki faɗa ba. Amma ni ke riƙe da buta. Shekara ashirin ina kallon inda hannunki ke tsayawa, in ga leɓenki yana motsi. Ban taɓa kawowa abin zai zo ya tare miki hanya ba, da ban yi shiru ba.” Ta ajiye mayafinta a kan gado, ta kama bakin zanenta. “Yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Kawo hannunki.”

Ta kamo hannun daman tsohuwar ta ɗora a cikinta. Ga shi nan, dogo, daga cibiya ya yi ƙasa, daidai inda na Asana yake. Yatsun Mma Fuseina sun san hanyar, suka bi shi har ƙarshe. Sai suka tsaya cak. Fatar da ɗumi. Tana hawa tana sauka da numfashi, har hanji yana 'yar ƙara a ƙarƙashi.

“Husseini ne, autana,” in ji Ikilima. “Kumasi da na ce na tafi haihuwa wurin gwaggo, asibiti na kwanta. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Yaron da ke kawo miki doya daga kasuwar Agbogbloshie, ta nan ya fito.”

Amama ta matso tana kwance nata zanen da ƙyar saboda teɓa. “Ni ƙari aka cire mini, kamar gwanda. Shekara goma sha biyu. To Mma, duk safiyar nan fatalwa ce ke zuba miki yaji a kan wake?” Damata kuwa kunya ta ishe ta, ta dai ɗaga gefen rigarta tana kallon sama, ga nata a kwance a dama.

Mma Fuseina ta taɓa wannan, ta taɓa wancan, ta koma kan na Ikilima. Ita da ta wanke mata sun fi dubu ba a ga hawayenta ba, sai ga shi yana bin kuncinta. Ta ce a hankali, “To Asana fa?”

“Kwananta ne ya ƙare, Allah ya jiƙanta. Amma in sanadi kike nema, Yaya, ki duba kwana biyun da aka yi da ita a gida. Ba wuƙa ta ci ta ba, jinkiri ne. Shi kike shirin yi yanzu.”

Tsohuwar ta share fuska da bakin kallabi, ta harare su. “Ku ɗaura zannuwanku, marasa kunya, tsofai-tsofai da ku. Ke Ikilima, kira mini yarinyar nan likita.”

Washegari da hantsi aka shiga da ita. Aka ɗora mata abin shaƙa a hanci aka ce ta ja numfashi. Ta yi kalmar shahada, fitilun sama suka narke, sai ga ta a bakin rafi. Yau ta taka har cikin ruwan, ta ji yashi a tsakanin yatsun ƙafarta. Matan suka matsa suka ba ta hanya. Ta isa bayan mai butar ta ce, “Asana.” A karon farko Asana ta waiwayo, yarinya shar da ita, 'yar shekara ashirin da tara. Ta dube ta sama da ƙasa ta tuntsire da dariya.

“Ke Fuseina, haka muka tsufa?”

“Matsa mini in zauna.”

“Ina! Ko ruwanki ba a ɗora ba. Koma ki ci tuwo.” Ta watsa mata ruwa a fuska da yatsu, kamar yadda suke yi suna yara.

A can ɗakin tiyata kuwa awa huɗu aka yi. Tumbin ya daɗe a ƙirji ya manne, ƙananan hujin suka gaza, sai da aka buɗe. Aka jawo shi da ransa, bai kai ga mutuwa ba, aka tsuke ƙofar, aka ɗaure shi a mazauninsa. Da ta farfaɗo ta ji muryar Latifatu tana ta hamdala, abin da ta fara yi shi ne kasa kunne a ƙirjinta. Shiru, ba buta. Ta ji daɗi, ta kuma ji kewa, duka biyun a lokaci ɗaya.

Warkewar tsoho ba gudu ba ce. Da kurɓin ruwa aka fara, sai koko tsararo cokali-cokali, sai fate, sai bayan mako shida aka yarda mata da tuwo mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Dokta Nasira ta hana ta kanwa, ta hana ta ɗamara, ta hana ta ɗaukar abu mai nauyi. In an yi rasuwa yanzu kujera ake ajiye mata a ɗakin wanka, Ikilima ta yi aikin, ita tana gyara mata kuskure ko babu kuskuren. Ta kuma tara su Ikilima ta yi musu wasiyya: “Ranar da kuka zo kaina, na yafe muku sirri guda. Ku fita ku shaida wa Mamobi cewa an yanka Fuseina, ta tashi ta ci tuwo.”

Amma akwai abin da ba ta yi ba. Tun da aka cire zaren, Latifatu ke goge mata wurin. Ita ko kallonsa ba ta yi, in tana wanka sai hannunta ya kewaye.

Wata rana bayan azahar, gidan ba kowa, ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki ta ture matasan nan uku gefe. Ta kwanta rigingine, shimfiɗar da ta shekara shida ba ta yi ba, irin wadda ta saba yi wa wasu. Ta jira ruwan ɗaci ya taso, bai taso ba. Rana ta shigo ta taga ta kwanta mata a ƙafa. Sai ta sassauta zanenta, ta ɗaga hannun dama, hannun nan mai sanyin shekara arba'in da biyar, ta ɗora shi a hankali kan ɗinkin. Jiki ɗaya aka yi musu ita da 'yar'uwarta, fata ɗaya, cibiya iri ɗaya.

“Asana,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Taɓa ki ji. Da ɗumi.”

Ta bar hannun a wurin har aka kira la'asar.